Daga Giwar Talabijin Zuwa Gawayin Uwargida



A duk tashoshin da suka cika akwatin talabijin a yau, akwai guda ɗaya da uwa takan kunna wa yara ta shige kicin hankalinta kwance, wato tashar namun daji. Ba rawa, ba shigar banza, ba kalmar da za ta sa ki yi wuf ki nemi rimot idan surukarki ta yi sallama. Zaki ne ya laɓe wa barewa, ko kada ya yi lamo a bakin kogi yana jiran ɓauna, yara sun yi tsit sun zuba ido, har maigida idan ya shigo sai ya nemi gefen kujera ya zauna. In an gama kowa ya ce ikon Allah sai kallo, a kashe, a tashi.

Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne: wa ya tsare wa dabbobin nan dajin da suke yawo a ciki har aka sami abin ɗauka a nuna mana? Mu kuma namu dajin yana ina, wane hali yake ciki? Da yawa daga cikinmu mun ɗauka giwa da zaki kayan Kenya ne da Tanzaniya, kamar yadda dusar ƙanƙara take kayan Turai. Alhali kuwa muna da namu, wani ma a cikin jihar Kano yake, kuma ruwan da muke sha da wutar da muke girki da ita duk suna da alaƙa da shi. A kan wannan nake so mu tattauna.

ABIN DA SHIRIN YA NUNA

Shirin da ya sa na ɗauki biro sunansa Our Great National Parks, wato manyan gandayen dajinmu na ƙasa. Kamfanin Netflix ne ya fitar da shi a shekarar 2022, kashi biyar ne, kuma tsohon shugaban Amurka Barack Obama ne yake bayani a ciki. An zagaya gandayen daji na ƙasashe da dama, daga Gabon zuwa Indunisiya, amma kashin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gandun Tsavo da ke ƙasar Kenya.

An kafa Tsavo a 1948, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. Don ki gane girmansa, ya fi jihar Kano baki ɗayanta, tun daga Doguwa har Ɗambatta. Giwayen wurin jajaye ne, ba don haka aka halicce su ba, sai don jar ƙasar da suke watsa wa jikinsu saboda zafin rana da cizon ƙwari. Abin da zai burge kowace uwa shi ne tsarin gidansu. Tsohuwar mace ce take jagorantar garke, ita ta san inda ruwa yake in fari ya yi tsanani, domin ta taɓa bin uwarta can shekaru masu yawa da suka wuce. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, in ta haihu kuma 'yan uwanta mata su taya ta reno, in an ji motsin haɗari a sa ɗan a tsakiya a kewaye shi. Babbar giwa takan sha ruwan da ya haura lita 100 a yini, wato jarka huɗu ko fiye irin ta 'yan garuwa, don haka in tsohuwar nan ta ɓata hanya garke duka ya shiga uku.

To amma wanda ya ga kyan hoton zai ɗauka haka Tsavo yake tun fil azal. Ba haka ba ne. A farkon shekarun 1970 giwayen yankin sun kai kimanin 35,000. Fari da masu farautar haure suka taru a kansu, kafin ƙarshen shekarun 1980 ba su kai 7,000 ba. A 1989 shugaban Kenya na lokacin, Daniel arap Moi, ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a bainar jama'a, a wannan shekarar kuma ƙasashen duniya suka haramta cinikin haure a tsakaninsu. Aka ɗauki masu gadi, aka horar da su, aka ba su kayan aiki. A ƙidayar 2017 giwayen sun sake haura 12,000. Ke nan abin da muke kallo muna tasbihi halittar Allah ce, amma tsaron da ya sa ta wanzu guminsu ne.

MU MA MUNA DA NAMU

Gandun daji na ƙasa shi ne yankin da hukuma ta keɓe da doka, ba noma, ba sare itace, ba farauta, domin abin da ke ciki ya rayu ya hayayyafa, jama'a kuma su je su gani. Na farko a Nijeriya shi ne na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979. A 1991 aka ƙara Yankari, da Gashaka-Gumti, da na Tafkin Chadi, da na Kuros Riba, da na Tsohuwar Oyo. A 1999 aka ƙara Kamuku da ke Birnin Gwari da Okomu da ke jihar Edo. Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. A dausayin Nguru da Haɗeja kuwa tsuntsaye ne suke tasowa tun daga Turai suna ƙetare hamada su zo su yi hunturu. Sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara wasu gandaye goma, ciki har da dajin Falgore na Kano, da Kogo na Katsina, da dausayin Haɗeja na Jigawa.

Wanda aka fi sani a Arewa shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, kuma tun 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da dorina, da kada, da mugun dawa, da tarin birai waɗanda ba sa jin kunyar fizge ledar abinci a hannun baƙo. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, nan dabbobin suke taruwa in rani ya yi nisa. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, ruwa garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, damina da hunturu.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba. A 2006 an ƙirga giwaye kusan 350 a Yankari. Masu neman haure suka yi ta ɗauki ɗai-ɗai da su har ƙiyasi ya dawo tsakanin 100 da 150. Daga 2014, da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin Bauchi aka ƙarfafa sintiri, kisan ya ragu ƙwarai. Duk da haka ƙiyasin da aka bayar a 2024 ya nuna giwayen Nijeriya kaf ba su wuce 400 ba. Zaki kuwa, wanda muke yi wa sarakuna kirari da shi, masana sun ce bai kai 50 ba a ƙasar nan, a Kainji da Yankari kawai ya rage. Karkanda ta ƙare. Raƙumin dawa irin na yankinmu shi ma ya ƙare a Nijeriya.

In dabba ta ɓace, sunanta ma bin ta yake yi. Na gwada tambayar ɗalibaina 'yan aji biyar a Islamiyya mece ce ɓauna, mene ne gwanki, mece ce gada. Sunan zaki da giwa na Turanci yana bakinsu, amma waɗannan sai kallon juna. Yarinyar da ba ta san gada ba, yaya za ta gane in an ce rashin sani ya fi dare duhu a wajen mafarauci, ko ta fahimci abin da ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe? Tatsuniyoyinmu da karin maganarmu cike suke da dabbobin da 'ya'yanmu ba su taɓa gani ba, kuma in aka ci gaba a haka jikokinmu ba za su gani ba.

DAJIN FALGORE DA FAMFON GIDANKI

Wata za ta ce, Malama, ni da nake fama da kuɗin cefane da na makaranta, ina ruwana da giwa? Ruwanki kuwa yana ciki, ruwan sha ma kuwa.

Bari mu koma Tsavo kaɗan. A cikin gandun akwai wata maɓuɓɓuga mai suna Mzima inda dorinai suke kwana. Ruwan sama ne yake sauka a kan duwatsun Chyulu masu itatuwa, ya nutse cikin ƙasa, ya tace, ya ɓullo a Mzima. Daga nan aka ja bututu har birnin Mombasa da ke bakin teku. Matar da ta buɗe famfo a Mombasa wataƙila ba ta taɓa ganin dorina ba, amma dajin dorinar ne yake shayar da ita.

Haka lissafin yake a Kano. Dajin Falgore yana kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 daga birni, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ake sako ruwan da ake noman rani da shi a Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da albasa da shinkafar da muke saye suke fitowa. Daga kogin nan ne kuma matatar ruwa ta Tamburawa da ke kan hanyar Zariya take ɗiba ta tace ta turo cikin gari.

Aikin itatuwa a nan shi ne riƙe ƙasa da riƙe ruwa. In an yi ruwan sama a daji mai duhu, ganye yana rage ƙarfin saukarsa, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka har tsakiyar rani. In aka sare itatuwan, ruwan sai ya kwaranye gaba ɗaya a rana guda, ya kwashi yashi da laka ya jibge a cikin dam. Da damina a yi ambaliya, da rani rafi ya ƙafe, dam kuma cikinsa yana ta cikewa da ƙasa yana rage abin da yake iya ɗauka. Wannan ba ya faruwa dare ɗaya, shi ya sa ba a lura. Amma ranar da ya bayyana, a farashin jarkar ruwa da kwanon shinkafa zai bayyana, kuma mu mata ne za mu fara ji a jika.

BUHUN GAWAYI

Yanzu sai mu zo inda hannunmu yake. Duk wadda take zaune a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Hausawa ko Unguwa Uku ta san yadda gawayi ya mamaye unguwa. Kusan kowane layi akwai gidan da ake ƙulla shi a leda, manyan motoci kuma suna shigowa ta titin Zariya an yi musu lodin buhuna har sun yi tozo. Tun daga 2021 da kuɗin gas ya fara hawa, aka zo aka cire tallafin mai a 2023, kalanzir kuma ya fi ƙarfin talaka, gidaje da yawa sun ajiye tukunyar gas a bayan ƙofa sun jawo kurfoti.

Ba wanda zai ga laifin uwar da ta nemi abin da za ta dafa wa 'ya'yanta abinci da shi. Haka kuma akwai zawarawa da marayu da yawa da ƙullin gawayin nan ne rufin asirinsu. Amma yana da kyau mu san abin da ke cikin buhun. A yadda ake ƙona gawayi a gargajiyance, a tara itace a rufe da ƙasa a sa wuta, sai an ci kilo biyar zuwa goma na ice kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kuma ba kowane ice ake so ba. Mai nauyi ake nema, wanda garwashinsa yake daɗewa, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, in an rasa a faɗa wa ɗorawa. Waɗannan itatuwa ne masu jinkirin girma, wata kaɗanyar sai ta shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya. A yini ɗaya ake kayar da ita, a mako ɗaya mu ƙone ta a gindin tukunya.

Dubi kuma abin da muke asara ta wata fuskar. Kaɗanya ita ce man kaɗen da muke shafa wa jarirai. Ɗorawa ita ce kalwar da ake daddawa da ita. In kin ji daddawa ta yi tsada, man kaɗe ya zama na gwangwani mai rubutun Turanci, ki tuna da buhun da ke jingine a kicin. Gonaki da dajin da ba na hukuma ba su ake fara cinyewa, in sun ƙare sai gatari ya nufi gandun da aka keɓe, domin nan ne kaɗai manyan itatuwa suka rage.

Birnin nan namu ma shaida ne. Kurmi, Rimi, Kurna, Kawo, Giginyu, Ɗorayi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, duk sunayen itatuwa ne ko na duhuwar daji. Sunayen suna nan, sai ki nemi itatuwan ki gani.

DAJIN DA AKA YI WA SAKACI

Akwai maganar da ba za a ƙi faɗa ba. A yau in aka ambaci daji a Arewa, ba barewa ce take fara zuwa zuciya ba, tsoro ne. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da kowa ya sani. Kamuku da Rugu da Kuyambana sun zama maɓoyar 'yan bindiga da masu satar mutane. Falgore kansa ya yi shekaru matafiya Jos suna riƙe numfashi in za su ratsa shi, har sai da aka girke jami'an tsaro. Saboda haka za ki ji wasu suna cewa gara a sare dazuzzukan kowa ya huta.

Wannan magana tana kama da ta wanda ɓera ya dame shi ya ce a ƙone rumbu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dajin da yake da masu gadi isassu, da albashi a kan kari, da motar sintiri, da hanyoyi, da baƙi masu shige da fice, da ƙauyukan kewaye da suke cin moriyarsa, ɓarawo ba ya samun sakewa a cikinsa. Wanda aka rubuta sunansa a takarda aka manta da shi, shi ne yake zama na mai ƙarfi. In kuma aka sare, ɓarayin su koma wani wuri, mu a bar mu da zaizayar ƙasa da ƙishirwa.

Akwai kuma ɓangaren da kyamara ba ta cika tsayawa a kai ba, wato talakan da ke maƙwabtaka da gandu. Manomin da ke gefen Yankari garken giwa zai iya shiga gonarsa a dare ɗaya ya tattake abincin shekara. Makiyayi an cinye masa burtali da makiyaya, yana hango ciyawa kore shar a cikin gandu an ce kada ya shiga. In ba a dubi waɗannan mutane ba, ba dokar da za ta yi aiki.

A nan addininmu ya riga kowa. Gandun daji na ƙasa na farko a duniyar zamani shi ne Yellowstone na Amurka, a 1872. Fiye da shekara 1,200 kafin nan, an haramta farauta da sare itace a Haramin Makka, Manzon Allah (SAW) kuma ya sanya wa Madina irin wannan alfarma. Ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u domin dawakin Musulmi, irin wannan keɓewa ita malaman fiƙihu suke kira hima. Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali, amma ya umarci mai gadin wurin ya tausaya wa masu 'yan dabbobi kaɗan ya bar su su yi kiwo, ya fi tsanantawa a kan garken masu hali, domin shi talaka in dabbobinsa suka mutu ba shi da wata madafa. Ga tsari nan cikakke: a tsare daji, a kuma tsare haƙƙin mai rauni.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada irin haka sun ga amfaninsa. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe irin na Afirka ta Yamma suke zaune, ba a cikin shinge ba, a tsakanin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kacal suka rage. Aka hana farautarsu, aka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da rancen sana'a, samarin wurin suka zama masu yi wa baƙi jagora. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka kai wajen 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka mayar gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Nijar ba ta fi mu kuɗi ba.

ME UWARGIDA ZA TA IYA YI?

Ba mu da bindigar sintiri, ba mu sa hannu a kasafin kuɗi. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma in gida dubu suka yi, za a gani.

1. Tsimin gawayi. Ki jiƙa wake tun dare, ki riƙa rufe tukunya, ki haɗa kayan girki gaba ɗaya kafin ki hura wuta. In kin sauke, ki juye ragowar garwashi a gwangwani mai murfi ki rufe, zai mutu da kansa gobe ki ƙara da shi. Kurfoti mai yumɓu a ciki ya fi na zallar ƙarfe riƙe zafi. Shinkafa in ta tafasa minti biyar, ki sauke da murfinta ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki sa a kwando, cikin awa ɗaya za ta nuna ba tare da wuta ba. Wake ma haka, sai dai ya tafasa sosai kamar minti ashirin, a bar shi awa uku ko huɗu. Wadda Allah Ya hore wa, ta sa sayen murhu mai tsimi ko cika tukunyar gas a cikin abin da take yi wa adashi. Ribar farko a aljihunki za ta tsaya.

2. Shuka. Ko a gidan haya kike, zogale zai rayu a tsohon bokiti. Mai fili ta sa darbejiya ko mangwaro ko gwaba a ƙofar gida, ruwan alwala ya ishe shi. Ki damƙa wa yaro ɗaya amanar ba shi ruwa, ki kira shi bishiyar wane. Ya tabbata a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

3. Kallo tare da yara. Kada tashar dabbobi ta zama mai reno kawai. Ki zauna ko na minti goma ne, ki faɗa musu sunan dabbar da Hausa, in ba ki sani ba a tambayi kaka. Ki gaya musu akwai irinta a Bauchi, akwai a Taraba, ku nemo wurin a taswirar littafin makaranta.

4. Gani ya kori ji. Mu mutanen wannan yanki Gidan Zoo na Audu Baƙo yana kusa da mu, tun farkon shekarun 1970 yake nan. Ki roƙi maigida ya kai ku ranar da ba cunkoso, ba sai da Sallah ba, yadda yara za su tsaya su duba da kyau. A hana su jifa da tsokanar dabba da kara. Masu hali kuma su yi niyyar Yankari, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Janairu zuwa Afrilu. A yi tambaya a kan lafiyar hanya kafin a tashi, a yi tafiyar da rana.

5. Tausayi tun daga tsakar gida. Yaron da aka bari yana harbin tsuntsu da danƙo don wasa, ko yana ɗaure ƙadangare yana ja, ana koya masa cewa rai ba komai ba ne. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da wadda aka gafarta wa saboda karen da ta shayar. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kanmu kuma mu kiyayi sayen sassan namun daji. Waɗanda suka girma a Kano sun san yadda ungulu take cika kwata da bakin kasuwa, yau sai ki shekara ba ki ga ɗaya ba, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Cikin manyan dalilai akwai masu sayen kanta da ƙwanta don kai wa boka. Ga saɓon Allah, ga kashe mai share mana mushe kyauta.

6. Magana. Muna da baki a taron iyaye da malamai, da majalisin Islamiyya, da shirye-shiryen rediyo da ake buga waya. In masu neman ƙuri'a sun zo da atamfa da taliya, cikin tambayoyin da za mu yi musu a sa da wannan: me aka yi wa Falgore tun da aka ce ya zama gandun ƙasa, masu gadi nawa ne, kuma yaushe za a sauƙaƙa wa talaka gas don a huta da sare daji?

'Yan uwa, iyayenmu sun tarar da daji cike, suka bar mana rabi. Abin da za mu bar wa na baya ya danganta da abin da muka yi a madafi da tsakar gida da kuma abin da muka nema a wajen shugabanni. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.